Zakin da ke Gaban Kujerar Inna

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kakana na wajen uba ya amsa kiran Mahaliccinsa wata Talata da hantsi, a shekarar da sojoji suka koma bariki. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar layinmu na Gyadi-Gyadi ya cika maƙil, har akuya ba ta samun hanya sai ta yi sallama. Na san an san ni da ƙarin gishiri, shi ya sa marigayin ya raɗa mini suna Rediyo, ni kuma na rama da kiransa Direba. Amma a wannan rubutun zan yi ƙoƙari in rage, saboda girmansa.

Ina cikin gida ina kai wa mata ruwa, kunnena kuwa yana zaure. Wani ƙaton mai fentin mota daga Tarauni, hannuwansa kala uku, ya durƙusa gaban babanmu yana kuka kamar an ƙwace masa alawa.

"Alhaji, wa zai ƙara cire mana kayan adon mota ba a fasa ba? Yaran nan nawa sukundireba kaɗai suka sani."

'Yan acaɓan da ke fakewa a inuwar ƙofar gidanmu suka jera baburansu, suka zauna shiru. Tun da nake ban taɓa jin sun yi shiru ba sai ranar. Sabon kansilanmu ma ya zo, babbar rigarsa ko karin guga bai sake ta ba. Ya yi addu'a mai tsawo, amma da ya shafa, idonsa ya zame ya sauka kan tsohuwar motar da ke ƙofar gida. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba.

A cikin gida, nas ɗin da ke haya a gidan da ke kallon namu ta shigo da fararen kayanta, daga asibiti ko gida ba ta biya ba. Ta riƙe hannun kakata, wadda duk unguwa ke kira Inna.

"Inna, Baba ne fa ya koya mini cire filasta a jikin jariri. Ya ce in shafa mai a gefe, in jira, sannan in bi da ita a kwance. Har yau jariran ɗakinmu ba sa kuka a hannuna."

Inna ta gyaɗa kai, ba ta ce komai ba. Abin da ya tsorata mu ke nan. Liman ya roƙi duk mai wani haƙƙi a kan marigayi ya yafe masa, maza suka amsa daga waje, mata suka amsa daga ciki, Inna ba ta buɗe baki ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ci abin kirki ba. Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta ja ni gefe ta ce, "Gara ta fasa ihu mu huta. Wannan shirun shi ke kwantar da mutum."

Sai na yi bayanin motar nan kafin a fahimci kakana. Shekaru masu yawa ya yi yana tuƙa wani likita. Da likitan zai koma garinsu, ya miƙa masa makulli ya ce ba wanda ya san halinta sai shi. Fara ce, ko in ce ta taɓa zama fara, mai dogon hanci da fitilu kamar idon mujiya. Tun ina aji ɗaya a firamare injinta ya yi sallama da duniya, aka ɗora ta a kan duwatsu huɗu. Amma cikinta, wayyo! Kujerun suna sheƙi, sitiyari kamar yau aka fito da shi daga leda. A jikin murfin durowar dashbod, daidai gaban kujerar fasinja, akwai wani ɗan zaki na ƙarfe mai walƙiya, bai fi tsawon ɗan yatsana ba, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar zai tsayar da tasi.

Wannan kujerar ta Inna ce. Lokacin da motar ke tafiya, duk Juma'a yakan kai ta Darmanawa gaishe da yayarta. Inna tana tsoron gudu, ko da yake Direba bai taɓa wuce mai keke ba sai ya ba shi haƙuri. Sai ta ɗora babban yatsanta a kan zakin, ta ƙura masa ido har a isa. Da motar ta mutu ba su fasa ba. Bayan la'asar za ka gan su a ciki, shi a sitiyari, ita a gefe, suna ɓare gyaɗa, yatsanta a kan zaki. Yaran layi su yi ta tambaya, "Baba, yau ina aka nufa?" Ya ce, "Darmanawa. Ku matsa kar in take ku."

Bayan ya bar tuƙi, sana'arsa ta koma abin da ba shi da suna. Duk mai fenti ko mai ɗinkin kushin da aka kawo wa tsohuwar mota ta manya, ba ya taɓa tambarin cikinta ko siririn ƙarfen adon ƙofa sai an aiko an ɗauki kakana a bayan babur. Kayan aikinsa duka a gwangwanin madara suke: zaren kitso da yake sata a kwandon Inna, sillen kara, gashin kaza guda ɗaya, da 'yar kwalbar man gyaɗa. Babu ƙarfe ko ɗaya. Yakan ce, "Wanda ya liƙa abin nan ba maƙiyinka ba ne. Leƙa baya ka ga yadda ya yi, sai ka warware." In yaran gareji suka ƙosa suka ce, "Baba, mai motar fa yana jira," sai ya ce, "Motar ta girme shi. Ya jira yayarsa."

Lokacin zaɓen nan da ya wuce, samari suka zo da safe suka lulluɓe gilasan motarsa da fastar ɗan takara, gaba da baya. Na shafa wa makogwarona mai, na ce yau za a yi tashin alƙiyama a layinmu. Direba ya fito, ya duba, ya ce in ɗora ruwan ɗumi. Ya kwashe rabin yini yana jiƙa tsumma yana dannawa. Ya ɗaye fasta goma sha ɗaya, ko kunnen ɗan takarar bai yage ba. Ya shanya su a igiyar Inna, suka bushe, ya naɗe, ya kai wa samarin har majalisarsu.

"Ga mutuminku nan, ya ɓata hanya. Ban san shi ba, amma bai kamata rana ta cinye masa fuska ba tun bai ci zaɓe ba."

Mutumin nan shi ne kansilan da ya zo ta'aziyya. Ya yi alkawarin haƙa kwata a layinmu, kuma abin mamaki, ya fara. Igiyar da masu awo suka ja ta bi ta ƙarƙashin motar daidai cibiyarta. Kakana bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ruwan damina ya fi ni gaskiya. In sun iso, sai mu san yadda za a yi." Ba su iso yana raye ba.

Sau ɗaya tak muka taɓa ɓatawa da shi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bayan rasuwarsa. Ina shekara tara, na yi wa ƙawayena ƙaryar cewa muna da zaki a gida. Suka ce in kawo shi makaranta ko su daina cin awara da ni. Da rana tsaka kowa na barci, na ɗauki cokalin shayi na shiga motar, na zura bakinsa a bayan zakin na danna. Na ji ƙas! A kunnena ƙarar ta kai Zariya. Zakin ya faɗo cinyata. A bayansa akwai siraran ƙafafu biyu da ke shiga cikin murfin, ɗaya ta karye ta bar guntunta a rami.

Ina ɗaga kai na ga Direba tsaye a bakin taga, da buta a hannu.

Bai dake ni ba. Da ma dukan ya yi. Ya miƙo hannu, na sa masa zakin, ya karɓi cokalin ma, ya duba shi kamar bai taɓa ganin cokali ba. Kwana uku bai ce mini Rediyo ba. Sunana na yanka yake kira, cikakke, har da na babanmu, kamar hedimasta ranar rabon sakamako. Na rame a kwana ukun nan har siket ɗina na makaranta ya nemi ya bar ni a hanya. Da Inna ta tambayi ina zakinta, na ji shi daga bayan ƙofa yana cewa, "Na kai shi wanka. Ya yi dauɗa, duk man gyaɗar yatsanki ne."

Rana ta huɗu zaki ya dawo mazauninsa yana ƙyalli. Direba ya kira ni cikin motar, ya rufe ƙofa.

"Rediyo."

Na fashe da kuka don daɗi.

"Kashe tashar kukan, saurara. Na samo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa, magana ta ƙare. Amma tun da hannunki yana ƙaiƙayi, gara in koya masa ladabi."

Daga ranar duk abin da za a ɓare a gidanmu ni ake ba wa: takardar jikin kwalba, kan sarkin tsohuwar wasiƙa, cingam ɗin da ƙanena ya liƙa a tabarma. Yana zaune yana kallo. In na yi gaggawa ya ce, "Ina za ki? Wa ke bin ki?"

A makon nan ne kuma Inna ta nemi ɗankunnenta ɗaya ta rasa, na zinariya mai ɗan jan dutse, wanda ta sayo a Makka. Ta ajiye su biyu a kan taga za ta yi alwala, ta dawo ta tarar da ɗaya. Aka share gidan nan har ƙasa ta ragu. Ƙarshe zargi ya faɗa kan wata jar kaza mai yawan leƙe-leƙe. Inna ta yanke mata hukunci ba lauya ba shaida. Aka yanka ta, aka buɗe ƙundunta a gaban jama'a, aka samu tsakuwa da rabin maɓalli. Da yamma aka yi farfesu. Direba ya ci cinya, ya suɗe yatsu, ya ce a ƙara masa yaji. Shekara bakwai Inna tana ajiye da ɗaya ɗankunnen a gwangwanin turarenta, duk Sallah ta fito da shi ta tsine wa ɓarawon da ba ta sani ba.

Bayan sadakar bakwai, masu haƙar kwata suka iso gida biyu kafin namu. Babanmu da ƙanensa, Baffa, suka shawarta a bar wa wani makanike na Ƙauyen Alu motar, zai aiko da motar janwe ranar Asabar bayan la'asar. Da safiyar Asabar ɗin aka shiga aka gaya wa Inna. Tana takaba, ba fita, ba ado, ko ƙofar gida ba za ta leƙa ta yi wa motar ban kwana ba. Nan ta yi maganar da ta fi kowace tsawo tun ranar Talatar nan.

"A kawo mini zakina. Da ƙafafunsa."

Makaniken ya ce a ɗauka, halak malak. Sai ga Baffa ya fito da sukundireba mai tsawon muciya. Baffa mutumin kirki ne, amma in ya buɗe kwalbar lemo, sai an share tsakar gida. Na riga shi isa ƙofar motar na baje hannuwa.

"Ke Rediyo, matsa mini."

"Baffa, Allah Ya huci zuciyarka, ba a kai masa ƙarfe."

"In ji wa?"

"In ji mai motar."

Ya tsaya. Ya kalli sukundireban, ya kalle ni.

"Ke da ko kofi aka ba ki sai an bi ki da addu'a?"

"Na taɓa gwadawa da ƙarfe, Baffa. Na san ƙarar da yake yi."

Bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Ya ce, "Janwe na zuwa bayan la'asar. In ya iso ba ki gama ba, zan gama miki."

Na ɗauko gwangwanin madarar Direba daga ƙarƙashin gadonsa. Na ɗaga gilasan motar duka na bar rana ta yi aikinta, don sai gam ya ji zafi yake sakin jiki. Bayan azahar na shiga. Cikin motar nan ana iya gasa gurasa. Ƙamshinsa yana nan, turaren ɗan goma da gyaɗa. Na zauna a kujerar Inna, na buɗe durowa. A bayan murfin akwai kwali da aka lulluɓe da yadi. Na zura sillen kara ta gefe, ina ɗagawa kaɗan-kaɗan, har ya saki. Na leƙa baya, yadda aka koya mini.

Ƙafa ɗaya tana nan da ɗan maƙallinta, ya yi tsatsa. Ɗayar kuwa ko ɗigon tsatsa babu. Rawaya ce, siririya, an ɗaure ta da ɗan abin nan mai kamar malam-buɗe-littafi da mata ke maƙale ɗankunne da shi ta bayan kunne.

Na zauna ina kallonta, zufa na shiga mini ido. Babu wata Ƙofar Ruwa da ya je. Zakin da na karya ne. Ya nemi siririn abin da ba zai yi tsatsa ba, wanda zai shiga ramin daidai, kafin Inna ta gaji da jiran wanka, ya same shi a kan taga. Ya bar kaza ta mutu, ya bar Inna tana tsine masa duk Sallah yana cewa amin, don kar a san jikarsa ce ta yi ɓarna.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba sai da Baffa ya ƙwanƙwasa gilashi. "Kuka kike ko zufa?"

"Duka biyun, Baffa."

Na tsoma gashin kaza a man gyaɗa na ɗiga wa maƙalli mai tsatsa. Na jira. Na ƙara ɗigawa, na ƙara jira. Na murza shi da yatsa, ya ƙi, na ba shi haƙuri, ya juya. Na zare na zinariyar, na sa a bakin zanina na ƙulle. Saura gam. Na zura zaren kitso ta bayan kan zakin, na naɗe bakinsa biyu a yatsuna, na fara ja dama da hagu, a kwance, ba na fizgowa wajena. Ina daidai wuyansa aka kira la'asar. Ina daidai cikinsa na ji hon ɗin janwe a bakin layi, 'yan acaɓa na yi masa jagora. Na yi gaggawa, zaren ya tsinke.

Baffa ya buɗe ƙofa, sukundireba a hannu. Ban kalle shi ba. Na ji bakina yana cewa, "Ina za ka, Baffa? Wa ke bin ka?"

Na zaci mari zan sha. Da na ɗago, Baffa ya juya baya yana goge ido da hularsa. Sai na ji ya daka wa mai janwe tsawa: "Malam, kashe injin nan! Motar ta girme ka, ka jira ta!"

Na yanko sabon zare. Ciki, cinya, wutsiya. Na tura ƙafafun ta baya da sillen kara, ɗaya bayan ɗaya, zaki ya sauko tafin hannuna da ɗuminsa, ko ƙwarzane babu a jikinsa, babu a murfin.

A zaure na tsaya. Ina iya miƙa mata shi ta fuska in ruga. Amma ta ce da ƙafafunsa, kuma na san za ta duba.

Inna tana kan dardumarta, Gwaggo a gefe. Na durƙusa na sa mata shi a hannu. Ta ɗora babban yatsa a kansa, ta lumshe ido. Sannan ta juya shi. A cikin ramin bayansa, an liƙe da dalma, ga ɗan jan dutse yana kallonta.

"Miƙo mini gwangwanin turarena."

Gwaggo ta miƙo. Inna ta fito da ɗaya ɗankunnen ta kara su. Ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Ɓarawo," ta ce a hankali. Sai ta ɗaga murya har masu haƙar kwata suka ji. "Ɓarawo! Shekara bakwai! Ya ci cinyar kazata har yana cewa a ƙara yaji!"

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke girgiza kafaɗa. Ba mu san inda dariyar ta ƙare ba, sai muka ga kuka ne, kukan da muka yi kwana goma sha ɗaya muna jira. Gwaggo ta rungume ta tana cewa alhamdu lillahi. Ni kuma na kwance bakin zanina na ajiye maƙallin a gabanta, na faɗi komai, cokali da ƙawaye da awara, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba.

Inna ta share fuska da mayafinta, ta harare ni da jajayen idanu.

"Ke ma ai kin ci fiffike."

"Na ci, Inna."

"Kira mini ubanki da Baffanki."

Suka shigo suka durƙusa. A waje ana jin sarƙar janwe tana ƙara, duwatsu huɗu suna sakin abin da suka daɗe suna ɗauke da shi. Inna ba ta juya wajen ƙarar ba. Ta ce, "Ranar nan liman ya yi tambaya ban amsa ba, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Ku zama shaida. Na yafe masa ɗankunne, na yafe masa kaza, na yafe masa zaren kitsona da yake tsammanin ban sani ba. Duniya da lahira." Ta dube ni. "Ke kuma sai na yi shawara."

Da yamman nan ta ci tuwo, har ta nemi ƙari.

An gama kwatar, ruwa yana bi ta inda motar take a da. Zakin yana kan tagar Inna, ta hana a raba shi da ɗankunnen. Bayan la'asar nakan kai mata gyaɗa, mu zauna a bakin gado, ta ɗora yatsa a kansa. Wani lokaci in tambaye ta ina aka nufa, ta ce in rufe mata baki in ɓare.

Ya Allah, ga bawanKa nan, bai taɓa fizgar abin da zai iya lallaɓawa ba. Ka yi masa sauƙi yadda ya yi wa duk abin da ya shiga hannunsa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce masaukinsa. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi masa addu'a, kada ya yi gaggawa.